Wanda aka yi wa aikin ƙashin baya, daga baya ƙullutu ya fito ya tara jini, ya zo mu ji

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda aka taɓa yi wa aikin baya, na ƙasan nan wajen ƙugu, daga baya kuma aka ce masa wani ƙullutu ya fito a wurin har ya tara jini, ko shi ko wani nasa, ya daure ya faɗi yadda tashi ta kasance, don ni dai kaina ya ɗaure, duk wanda na tambaya sai yace bai taɓa ji ba.

Ni bara aka min aiki a L4-L5, wato tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na ƙasan baya, hanyar jijiya ce ta matse suka rage ƙashi suka buɗe mata. Alhamdulillah naji daɗin aikin sosai, ƙafar da take hana ni tafiya ta sake ni, na koma hidimomina, watanni ina lafiya ƙalau. Kawai wata safiya ina sauko da ƙafa daga gado wani ciwo ya tsarga min daga ɗuwawun hagu ya bi gefen cinya da gefen ƙwauri har babban yatsa, wallahi sai da nayi ƙara. Kuma ba irin na da bane. Na da a hankali yake zuwa, in nayi tafiya ko na daɗe a tsaye ya taso, in na zauna ko na ɗan sunkuya ya lafa. Wannan kuwa ba zama ba kwanciya, ba dare ba rana. Likitan da na fara gani yace tabon aikin ne yake jan jijiya, ya rubuta magani yace na dawo bayan wata. Ban kai watan ba na lura silifas ɗina na hagu yana zamewa ina tafiya ban sani ba, sai na waiga na ganshi a baya, in nace bari na ɗaga babban yatsan sama sai yaƙi. Nan maigida yace a'a, mu koma wurin wanda yayi aikin. Shi kuwa yana gwada ƙarfin ƙafar yace a yi hoton MRI, mai nuna jijiyoyi da naman da ke kewaye da su, ba tare da jira ba, har da allurar nan da ake sawa a jijiyar hannu don hoton ya bambance tabo da wani abu daban.

Ashe ba tabo bane. Ƙullutu ne ya tsiro daga ƙaramar gaɓar da ke bayan ƙashin, wanda suke kira sainobiyal sist, jini ya zuba a cikinsa ya kumbura lokaci guda ya danne jijiyar L5, wadda take sauka har babban yatsa. Yanzu an ce sai an sake shiga. Abin da yake damuna, likitan yace akwai hanya biyu, ko a cire ƙullutun kawai ko a cire a haɗa da sa ƙarfe a ɗaure ƙasusuwan biyu. Ku da aka yi wa, wanne aka muku kuma ya kuka ji bayan nan?

Baban Nana

Wa alaikumus salam Maman Ilham, sannu, Allah ya baki lafiya. Labarinki kamar nawa kike bayarwa, nima L4-L5 ne sai dai ni dama ce. Ni da farko ƙullutun kawai suka cire, na samu sauƙi nan take, ina farkawa daga allurar barci naji ciwon ƙafar babu. Amma daga nan shi ciwon bayan bai daina ba, in na tashi daga kujera sai naji kamar abu ya goce ya koma. Ba a yi shekara ba wani ƙullutun ya sake fitowa a wurin. Sai a wannan karon aka min hoton eksire ina tsaye, ɗaya na sunkuya gaba ɗaya na banƙare baya, aka ga ƙashin sama yana zamewa gaba a kan na ƙasa. Likitan yace min ai ga tushen nan, gaɓar ce take motsi fiye da ƙima shi yasa take ta tara ruwa, in ba a tsayar da ita ba haka za a yi ta yi. Suka sa min sukurori da sanduna, tun daga nan bai dawo ba.

Shawarata ki tambaya ko an miki wannan hoton na sunkuyo da banƙarewa. MRI a kwance ake yi, kuma in mutum ya kwanta ƙashin da ke zamewa yakan koma mazauninsa, sai a ga kamar komai daidai.

Hajiya Umma

Ni kuma, Maman Ilham 'yata, nawa akasin na Baban Nana ne. Cirewa kawai aka yi ba a sa min ko ƙusa ɗaya ba, ga shi shekaru sun tafi lafiya lau. Hoton tsaye ya nuna ƙashina baya motsi, likitan yace tunda haka ne ba dalilin ƙara min babban aiki da shekaruna. Don haka kar ki ɗauka dole sai ƙarfe, kowa da irin bayansa.

Maman Ilham

Nagode Baban Nana, nagode Hajiya. Wallahi ba a min na tsayen ba tukunna, ko da yake yanzu tsayuwar ma da ƙyar nake yi. Zan tambaye shi in sha Allah.

Sista Rabi

Sannunku duka. Ni na daɗe ina aiki a ɗakin masu jinyar tiyatar baya, kuma abin da nake yawan gani shi ne mutane suna haɗa abubuwa daban daban su kira su da suna ɗaya, wai ruwa ya taru a wurin aiki. To ba ɗaya bane, kuma gaggawarsu ma ba ɗaya bace.

Akwai jinin da ke taruwa a saman rigar jijiyoyi, wato fatar da ta lulluɓe su, jim kaɗan bayan aiki, yawanci cikin awannin farko zuwa kwana biyu uku. Shi yasa muke damunku da dare muna cewa motsa yatsu, ɗaga ƙafa, kin yi fitsari? Mutane har haushinmu suke ji amma wannan muke nema. Na taɓa jinyar wani bawan Allah da yamma yana ta hira yana motsa ƙafafu, tsakar dare yace sista ƙafafuna sun yi nauyi, na duba robar da ke fitar da jini daga wurin aikin naga ta daina zuba tun ɗazu, kafin asuba an koma da shi tiyata an kwashe gudan jinin. Da ƙafarsa ya fita daga asibitin.

Na Maman Ilham daban ne, shi sai an warke an koma gida, watanni ko shekaru. Kowane mataki na ƙashin baya yana da ƙananan gaɓoɓi biyu a baya, dama da hagu, kuma kowacce tana da 'yar riga mai ruwan da ke sa ta sulɓi irin na gwiwa. In gaɓar ta goge ko tana motsi da yawa sai rigar ta ɓullo kamar bororo ta shiga hanyar jijiya. Ko wanda ba a taɓa yi wa aiki ba yana iya samu, musamman in shekaru sun ja, kuma L4-L5 ya fi ko'ina saboda nan ne ya fi motsi. Amma in an rage ƙashi a wurin, nauyin da ke kan gaɓar yana ƙaruwa, shi yasa wasu yake fito musu bayan aiki. Yawanci ruwa ne kawai a ciki kuma a hankali yake girma. Mai jinin ba kasafai ake samunsa ba, ni kaina 'yan kaɗan na gani, sai dai shi idan ya zo baya sallama, ƙananan jijiyoyin jinin da ke bangonsa ne ke fashewa ya cika cikin ɗan lokaci, a wurin da dama ba fili.

Sai kuma ruwan laka, wanda yake tsiyayowa in rigar jijiyoyi ta yage lokacin aiki. Wannan wanda ya taɓa yi zai fi ni bayani.

Anti Bilki

Ni ce nan Sista. Nima ƙullutu mai jini aka cire min, kuma tun kafin a shiga likitan ya gaya min gaskiya cewa bangon ƙullutun yakan manne da rigar jijiyoyi, ga kuma tabon aikin farko, to wurin ɓanɓarowa tana iya yagewa. Haka kuwa aka yi, suka ɗinke suka sa na kwanta flat ba filo na 'yan kwanaki. Na koma gida ƙafa tayi sauƙi amma sai ciwon kai, wani irin ciwon kai da ban taɓa sani ba, in na miƙe zaune kamar ana jan ƙwaƙwalwata ƙasa har da amai da jiri, ina kwanciya kuma ko minti goma ba a yi ya ɗauke kamar ba a yi ba. Sannan ƙasan ɗinkin ya yi wani kumburi mai laushi, in ka danna yana lotsawa, in nayi tari ya ƙara tasowa. 'Yan gida suna ta cewa rashin jini ne ko gajiya. Da na kira likitan tambaya ɗaya yayi min, in kin kwanta yana tafiya? Nace eh. Yace ki taho. Ni dai Allah ya taimake ni ɗinkin fata bai ɓalle ba ruwan bai fito waje ba, da kwanciya da bibiya ya shanye da kansa. Wata da muka kwanta ɗaki ɗaya ita sai da aka sake buɗewa aka gyara don nata yana jiƙa bandeji, ruwa fari tas, kuma sun ce in yana fita waje ƙwayar cuta tana iya bin hanyar ta shiga ta zama sanƙarau.

Ba don na tsorata ki na faɗa ba Maman Ilham, don ki san alamar ne. Da za a mayar da ni baya zan sake yarda a cire, don azabar da nake ciki kafin nan ba a magana.

Ɗan Autan Baba

Ni na mahaifinmu zan bayar, kuma dan Allah duk mai shan maganin tsinka jini ko mai kula da wanda ke sha ya karanta a nutse.

An yi wa Baba aikin baya shekaru kaɗan da suka wuce ya warke. Yana shan wafarin, maganin tsinka jini, saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, ana duba masa INR, gwajin da ke nuna tsinkewar jini, lokaci lokaci, likitan zuciya yace ya riƙa zama tsakanin 2 da 3. To sai ciwon bayan ya ɗan motsa masa, wani ya bashi daiklofenak yana sha safe da yamma, kuma wallahi ba wanda ya taɓa gaya mana cewa irin waɗannan magungunan ciwon, su daiklofenak da ibuprofen da asfirin, in suka haɗu da wafarin suna ƙara haɗarin zubar jini. Wata rana da la'asar yace ƙafafunsa biyu suna masa minjirya, da dare ciwo ya tsananta. Abin da ya tayar min da hankali, na raka shi banɗaki ya daɗe a ciki, da ya fito sai ya riƙe hannuna yace Auta, na zuba ruwa zan yi tsarki ban ji ruwan a jikina ba, kuma fitsarin yaƙi zuwa tun rana. Baba mutum ne mai kunya, na san ba ƙaramin abu ne ya sa ya furta min haka ba. Na taɓa mararsa naji ta yi tam, amma shi yace baya jin matsuwa.

Yayyena suka ce a bari gari ya waye, nace a'a. Muka tafi imajensi a daren. Suna sa masa robar fitsari jaka ta cika nan take, INR ɗinsa ya haura sosai, MRI ya nuna ƙullutun gaɓa cike da jini ya toshe kusan duk hanyar, ya matse tarin jijiyoyin da ke ƙasa gaba ɗaya. Suka bashi bitamin K da ruwan jini don jinin ya koma daskarewa sannan suka shiga da shi. Likitan ya gaya mana laka tana ƙarewa ne wajen L1 zuwa L2, wato ƙashi na ɗaya zuwa na biyu na ƙasan baya, daga nan ƙasa jijiyoyi ne zube, cikinsu har da masu kula da mafitsara da bayan gida da gaban mutum, kuma waɗannan in suka daɗe a danne ba lallai su dawo ba, awanni ake lissafawa ba kwanaki ba.

Yanzu Baba yana tafiya da sanda. Fitsari ya ɗauki watanni kafin ya daidaita, har yau akwai wani gefe a cinyarsa ta ciki da baya ji sosai. Likitan zuciya ne ya tsara ranar da ya koma kan maganinsa, don shi ma barinsa haɗari ne, shanyewar ɓarin jiki yake karewa. Kar wani ya karanta wannan ya je ya daina nasa da kansa.

Sista Rabi

Allah ya saka maka da alheri Auta, ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan da ka faɗa shi ne wanda ba a kwana da shi: fitsari ya tsaya ko yana zuba ba a sani ba, bayan gida yana kuɓucewa, tsakanin cinyoyi da gaba da dubura sun mutu, ko ƙafafu biyu suna rasa ƙarfi. Kunya ce take cutar mutane a nan, sai a zo ana ta maganar ciwon ƙafa a ɓoye na fitsarin. Ku faɗa da bakinku tun a bakin ƙofa. Kuma ba wafarin kaɗai ba, har sauran magungunan tsinka jini irin su klofidogirel da ribaroksaban da afiksaban, duk wanda kake sha ka faɗa wa likitan baya kafin aiki ko allura.

Malam Idi

Ni ba a sake yanka ni ba, bari na kawo nawa don a san akwai wannan ma. Bayan aikin faifan baya da aka min, wato matashin da ke tsakanin ƙasusuwa, ƙullutu ya fito min a L5-S1, matakin da ke ƙasa da L4-L5, ciwon yana bin bayan cinya da sha raɓa zuwa ƙaramin yatsa, in nace zan yi ɗage a kan yatsu da wannan ƙafar sai ta ɗan gaza. Nawa ruwa ne ba jini. Suka kwantar da ni rub da ciki a na'urar hoto, suka sa allura cikin gaɓar suka tura ruwa da magani har ƙullutun ya fashe, naji wani zafi ya sauka ƙafa na ɗan lokaci shikenan. Ina da suga, kuma sun gargaɗe ni maganin sitiroyid ɗin da suka tura a gaɓar zai ɗaga shi na wasu kwanaki, ya kuwa ɗaga, na yi ta aunawa. An gaya min yana iya dawowa kuma da yawa daga ƙarshe sai an yi aikin, ni dai zuwa yanzu shiru.

Na tambayi likitan ko ana yi wa mai jini haka, yace jinin da ya daskare yana da kauri baya bin allura, kuma in ƙafa ta riga ta fara faɗuwa ba a tsayawa gwaje gwaje. To inaga ke Maman Ilham tunda yatsa ya daina ɗaguwa shi yasa ba su kawo miki zancen allura ba.

Abu Sadiq

Gaskiya jikina yayi sanyi. Ni wata mai zuwa aka sa min ranar aikin farko, yanzu da na karanta waɗannan har ina tunanin fasawa.

Baban Nana

Haba ɗan uwa, kar ka fasa saboda mu. Mu da muka taru a nan ai waɗanda abin ya samu ne, waɗanda aka yi wa suka warke suka ci gaba da harkokinsu sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, ba su da dalilin zuwa su yi rubutu ne kawai. Ni kafin aikin farko ko ƙofar gida bana kaiwa sai na tsuguna. Ka zauna da likitanka ka tambaye shi ƙashi nawa zai rage, gaɓar za ta taɓu ko a'a, akwai zamewa a hotonka na tsaye ko babu, sannan wa zaka kira in wani abu ya taso bayan an sallame ka. Ka karɓi lambar tun kafin ka bar gadon.

Ummu Khairat

Ni abin da ya fi min ciwo a tawa shi ne yadda aka yi ta mayar da ni. Duk inda naje da zarar sun ji an taɓa min aiki sai a ce ai dama wanda aka taɓa wa baya sai haƙuri, a ƙara min magani. Har wani yace damuwa ce take sa min. Ina ta cewa wannan ciwon sabo ne, rana ɗaya ya faɗo min, ba wanda ya saurara, ga maganin yana sa ni barci da jiri amma ciwon na nan. Sai da na samu wata likita da ta sa na taka a kan dunduniya daga bango zuwa bango, taga ƙafar dama tana faɗuwa tana shara ƙasa, ita ce ta tura ni hoto. Lokacin da aka cire ƙullutun da hoton ya nuna, likitan yace jinin da ke ciki har ya yi baƙi ya tsufa. Ciwon ya tafi amma ƙafar bata dawo duka ba, ina sa takalmin roba mai riƙe idon sawu don kar na riƙa tuntuɓe, ina zuwa gashin ƙashi. Na yafe musu amma raina yana sosuwa in na tuna watannin nan. Akwai wanda ƙafarsa ta faɗi haka kuma ta dawo bayan an daɗe? Don na fara karaya.

Yaya Hassan

Kar ki karaya 'yar uwa. Tawa ta faɗi sosai, bayan aiki watanni ba abin da ya motsa, mai gashin ya riƙa sa ni zama na miƙe ƙafa ina ƙoƙarin jan yatsu zuwa sama ko da ba su tafi ba, yana kuma miƙar min da agara kullum don kar ta ƙage, yace in ta ƙage ko jijiyar ta farfaɗo ƙafar ba za ta ɗagu ba. Babban yatsa ne ya fara ɗan rawa, daga nan a hankali a hankali. Likitana yace jijiya tana iya kai shekara ɗaya zuwa biyu tana gyaruwa, kuma akwai gwajin da ake yi da 'yan allurai a tsoka a ga ko saƙo ya fara isa, ki tambaya a miki. Yanzu a cikin gida bana sa takalmin, sai in zan yi doguwar tafiya ko hawa bene, don in na gaji da yamma tana ɗan shara ƙasa har yanzu.